Sharhi: Sabuwar kwamfuta ta lalace cikin mako guda, wa ke da alhakin musanya ta?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, lokacin komawa makarantu, cinikin kwamfutar tafi-da-gidanka kan buɗe a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ɗaliban jami'o'in Abdou Moumouni da Dan Dicko Dankoulodo da André Salifou da Djibo Hamani na buƙatarta domin darussa da rubuta kundin kammala karatu. Matasa masu neman abin kansu ta intanet na buƙatarta, haka ma masu shagunan buga takardu. Wasu a kasuwa suke saya, wasu kuma wani ɗan uwa ne ke aiko musu daga Faransa ko Beljiyam ko Amurka.

Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne halin da mutum ke shiga idan na'urar da aka sayar masa a matsayin sabuwa ta ƙi tashi bayan kwana biyar, ko fuskarta ta yi layi-layi, ko batirinta ya kasa riƙe wuta ko da na awa ɗaya. A ƙasashen da ake fara sayar da waɗannan na'urori, mai saye kan mayar da ita shago a ba shi wata. A nan kuwa sau da yawa maganar kan ƙare da cacar baki a bakin shago, ko ɓacin rai tsakanin ƴan uwa, sannan a kai ta wajen mai gyara a sake kashe wasu kuɗin.

Kuɗin da ake magana a kai ba kaɗan ba ne. Yuro ɗaya daidai yake da sefa 655,957 a farashin da aka ƙayyade, ke nan kwamfutar yuro 500 ta kai kimanin jika 328 kafin a yi maganar sufuri da duwan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun daga watan Janairun 2024 jika 42 ne a wata. Wato ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na kusan wata takwas bai taɓa ko dala ba kafin ya mallaki irin wannan kwamfuta. Asarar da ɗan Turai zai iya shanyewa, a nan tana iya tsayar da karatun ɗalibi shekara guda.

Kalmar "sabuwa" ta kasu kashi uku

Da farko ya kamata a fahimci cewa sabon abu na iya lalacewa ba tare da kowa ya yi ha'inci ba. Masana harkar kayan lantarki sun daɗe da sanin cewa na'ura ta fi saurin nuna aibinta a lokuta biyu: farkon fara aiki da ita, da kuma lokacin da ta tsufa. Idan akwai kuskure daga masana'anta, kamar walda da ba ta kama ba a babban allon cikinta ko batir mai rauni, galibi a makonnin farko yake fitowa. Dalilin da ya sa kamfanoni ke ba da garanti ke nan. Sun san cewa a cikin dubban na'urori wasu za su fito da aibi, sun kuma sa kuɗin musanya su a cikin farashin da kowa ke biya.

Sai dai a kasuwanninmu abubuwa uku ne ake kira da suna ɗaya. Akwai sabuwa dal wadda ba a taɓa buɗe kwalinta ba. Akwai wadda wani ya saya a waje ya mayar, ko kamfani ya gyara ya sake sa ta a kwali. Akwai kuma ta hannu, wadda wani ofishi a Turai ko Amurka ya yi shekara huɗu ko biyar yana aiki da ita, aka goge ta tas, aka liƙa mata sabbin takardu, aka naɗe ta a leda. Babu laifi a sayar da kowace daga cikinsu matuƙar an faɗa wa mai saye gaskiya kuma farashin ya dace da ita, tunda kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laifin yana wajen karɓar kuɗin ta farko a ba da ta uku.

Wannan matsala na iya ƙaruwa saboda wani sauyi da ya faru nesa da mu. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa manhajar Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, tana da sharuɗɗa: tana buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a na'urorin Intel ba ta karɓar mafi yawan waɗanda suka gabaci zubi na 8. Hakan ya sa ma'aikatu da kamfanoni a ƙasashen yamma ke sauke tsofaffin kwamfutocinsu da yawa, kuma kasuwannin Afirka ta Yamma sun daɗe suna karɓar irin waɗannan kaya. Mai saye na iya ganewa da kansa: idan aka rubuta i5 ko i7 sannan lamba mai harufa huɗu ta biyo baya tana farawa da 6 ko 7, kamar i5-7200U, to na'urar ta kwana biyu a duniya, komai ƙyallin jikinta.

Garanti kan tsaya a inda aka fara sayarwa

Ko da an dace da sabuwa ta gaskiya, akwai matsala ta biyu. Garantin manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo galibi na shekara ɗaya ne ga na'urorin talakawan masu saye, kuma yana da alaƙa da ƙasa ko yankin da aka ƙera na'urar dominsa. Wasu samfura na da garantin ƙasa da ƙasa, amma shi ma yana aiki ne a inda kamfanin ke da wurin gyara da ya amince da shi da kuma kayan gyaran wannan samfur. Ƙari a kan haka, ranar garantin tana fara ƙirguwa tun daga sayen farko. Kwamfutar da ta yi wata biyar a rumbun wani dillali a Dubai, ta ƙara wata uku a shago a Yamai, tana iya isa hannun ɗalibi da ragowar garanti kaɗan ko ma babu.

Hanyar da kayan ke bi ta ƙara ɗaure lamarin. Kaɗan ne ke shigowa ta hannun wakilan kamfanoni. Da yawa suna zuwa ne a jakunkunan matafiya daga Dubai ko Gwanzu ta ƙasar Sin, ko kuma ta mota daga Najeriya: daga Computer Village ta Ikeja a Legas zuwa titin Beirut a Kano, daga nan su bi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ko ta Daura zuwa Damagaram. Faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta sa mai riƙe da sefa ke ganin araha a Kano. Amma na'urar da ta bi hannu huɗu kafin ta iso, babu takardar da ke haɗa mai saye na ƙarshe da kamfanin da ya ƙera ta. Kowane ɗan kasuwa a cikin jerin zai ce shi ma haka ya saye ta.

Mayar da kaya baya ma ya ƙara wuya tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Kan iyakar Nijar da Benin a Gaya ta kasance a rufe ta ɓangaren Nijar har bayan da CEDEAO ta ɗage takunkumanta a watan Fabrairun 2024, lamarin da ya karkatar da manyan motocin kaya daga tashar Kwatano zuwa ta Lome, ta cikin Burkina Faso, su bi ta Kaya da Dori da Tera da rakiyar sojoji. Hanyar ta fi tsawo, ta fi tsada. Ta jirgin sama kuma, ƙa'idojin sufuri sun hana ɗaukar batirin lityom da ya kumbura ko ya lalace. Ke nan idan aibin a batir yake, ko an samu mai tafiya ba lalle ne ya yarda ya ɗauka ba.

Damar da ƴan uwanmu na ƙetare ke bari ta wuce

Ga waɗanda ke zaune a waje suna aiko wa ƙanne da ƴaƴa, doka ta ba su kariya mai ƙarfi, amma da wa'adi. A Faransa da sauran ƙasashen Tarayyar Turai, wanda ya sayi kaya ta intanet yana da kwana 14 da zai iya mayarwa ba tare da ya faɗi dalili ba. Bayan haka akwai garantin doka na shekara biyu a kan mai sayarwa. A Faransa, idan sabon kaya ya nuna aibi cikin wata 24, ana ɗauka cewa da aibin aka sayar da shi, mai shago ne zai kawo hujjar akasin haka. Mai saye ne ke zaɓar gyara ko musanya, dole a kammala cikin kwana 30, kuma idan gyara aka yi ana ƙara wata shida a kan garantin. Ga kayan hannu, wa'adin wannan zato wata 12 ne tun daga Janairun 2022. A Birtaniya dokar masu saye ta 2015 ta ba da kwana 30 da mutum zai iya mayar da kaya mai aibi a biya shi kuɗinsa cif. A Amurka kuwa abin ya fi dogara ga ƙa'idar kowane shago da garantin kamfani.

Duk waɗannan haƙƙoƙi suna buƙatar abu biyu: takardar saye da kuma na'urar kanta a hannu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayi kwamfuta a bar ta a kwalinta domin a burge wanda za a aika wa, ta zauna wata biyu ana jiran mai zuwa gida, sai ta isa Tawa sannan a kunna ta karon farko. Lokacin da aibin zai bayyana, kwana 14 ko 30 sun daɗe da wucewa, na'urar kuma tana nesa da shagon da dubban kilomitoci. Abin da ya fi amfani shi ne mai aikowa ya buɗe ta ranar da ya saya, ya yi aiki da ita sosai na mako biyu, ya cika batirin ya sauke, ya gwada kowace kafa da kyamara da lasifika, sannan ya aiko ta tare da hoton takardar saye. Kwali a buɗe da na'ura mai lafiya ya fi kwali a rufe da cinikin biri a sama.

Me dokar Nijar ta ce?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an biya kuɗi magana ta ƙare, musamman idan mai shago ya rubuta a bango ko a ƙasan takarda cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Amma Nijar na da doka. A shekarar 2015 an kafa dokar da ta fayyace manyan ƙa'idojin kare masu saye. Kundin dokokin farar hula da ƙasar ta gada daga Faransa ma ya tanadi abin da ake kira garantin ɓoyayyen aibi, daga aya ta 1641: mai sayarwa ne ke da alhakin aibin da ba a iya gani lokacin ciniki, wanda ya hana kayan yin aikin da aka saye su dominsa. Mai saye na da zaɓi biyu, ko ya mayar da kaya a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa wani abu daga farashin. Sharaɗin shi ne kada ya yi jinkiri wajen tayar da maganar.

Wannan hukunci ba baƙo ba ne ga ƴan kasuwarmu. A fikihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Maraɗi da Damagaram, mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye babi ne sananne, kuma wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani. A kasuwar dabbobi kowa ya san da haka. Kwamfuta ce dai ake yi wa kallon wani abu dabam, kamar sa'a ce kawai ke aiki a cinikinta.

Matsalar tana wajen aiwatarwa. Mai saye da yawa ba ya karɓar takarda, ko a ba shi ƴar guntuwa da ba ta ɗauke da komai sai farashi. Zuwa kotu a kan jika 300 na cin lokaci da kuɗi, ga shi mutane na jin nauyin kai ƙarar wanda suka sani ko wanda wani ɗan uwa ya haɗa su. Akwai ƙungiyoyin kare masu saye kamar ADDC-Wadata, akwai ma'aikatar kasuwanci da rassanta a jihohi, amma hankali ya fi karkata ga farashin shinkafa da siminti da iskar gas da kuɗin kiran waya, wanda hakan ba abin mamaki ba ne. A maƙwabciya Najeriya an kafa hukumar FCCPC bisa dokar 2018 domin karɓar irin waɗannan koke-koke, sai dai ɗan Maraɗin da ya sayo a Kano ba tare da takarda ba, ba shi da abin da zai nuna mata.

Shi ma ɗan kasuwa yana da nasa uzurin

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Ƙaramin ɗan kasuwar da ya sayo kwamfuta goma a Dubai, ya biya jirgi da duwan da hayar shago, idan ɗaya ta dawo masa ribar sauran na iya tafiya, domin shi ba shi da inda zai mayar. Tun daga 2025 ma ƙasashen AES sun sanya harajin kashi 0,5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga wajen ƙawancen. Shi ya sa garantin da ake bayarwa a baki kan zama na ƴan kwanaki.

Kuma ba kowace lalacewa ce daga masana'anta ba. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce a yi amfani da kwamfutocinsa a yanayin zafi tsakanin digiri 10 zuwa 35, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin garuruwanmu kan haura 40. Ƙurar hunturu na toshe fankar ciki. Ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, da kuma wutar janareto marar daidaito, na ƙona caja har ta taɓa allon ciki. Garantin kamfanoni bai shafi ɓarnar wuta ko ruwa ko faɗuwa ba. Don haka idan mai saye ya dawo da na'ura, mai shago kan yi zargin shi ya ɓata ta, shi kuma yana zargin an cuce shi. Idan babu takarda babu gwaji a gaban juna, rantsuwa ce kawai ke rage musu.

Musanya ma na buƙatar lura

Idan aka yi sa'a mai shago ya yarda ya musanya, akwai sauran aiki. Kada farin ciki ya sa a karɓi ta biyu ba a duba ba, domin tana iya zama daga kwali ɗaya da ta farko, ko kuma mai ƙaramin ƙarfi a jiki iri ɗaya. Su kansu manyan kamfanoni sun rubuta a sharuɗɗansu cewa suna iya musanyawa da na'ura ko kayan gyara da aka sabunta. A wajen Apple da HP, abin da aka musanya kan ci gaba da ragowar garantin farko ne, ko kwana 90, duk wanda ya fi tsawo. Don haka a sake rubuta sabuwar takarda da lambar sabuwar na'urar da ranar da aka karɓe ta.

Akwai kuma maganar sirri. Kwamfutar da aka yi mako guda ana aiki da ita ta riga ta ɗauki hotuna, da takardun makaranta, da kalmomin sirri na Facebook da imel da WhatsApp. Kafin a mayar, a kwashe komai zuwa wata ma'ajiya, a fita daga dukkan asusu, a goge na'urar idan tana tashi. Idan ba ta tashi, a canza kalmomin sirrin daga wayar hannu nan take.

Gwajin da ya kamata a yi kafin a biya bai wuce na rabin awa ba. A ɗauki lambar da ke ƙasan na'urar a shigar a shafin kamfanin da ya ƙera ta, zai nuna samfurin da ranar da garanti ya fara da ranar da zai ƙare. A tabbatar lambar jikin ta yi daidai da ta kwali da wadda ke cikin na'urar. A Windows, umarnin powercfg /batteryreport na fitar da rahoton da ke kwatanta ƙarfin batir na asali da wanda ya rage masa. Ƙaramar manhaja kamar CrystalDiskInfo na nuna awa nawa ma'ajiyar bayanai ta yi tana aiki, kuma sabuwar na'ura ba za ta nuna dubban awoyi ba. A duba ko an kulle ta da kalmar sirrin wani kamfani ko asusun wani mutum. Mai shagon da ya ƙi yarda a yi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Inda gyara zai fito

Ba sai an jira sabuwar doka ba. Abu na farko shi ne takardar saye ta zama dole a cinikin kayan lantarki masu tsada, ɗauke da sunan shago, da lambar na'ura, da matsayinta ƙarara, sabuwa ce ko sabuntacciya ko ta hannu, da adadin kwanakin garanti da abin da ya ƙunsa. Ma'aikatar kasuwanci na iya tilasta wannan, ƙungiyoyin ƴan kasuwar kayan lantarki ma na iya fara shi da kansu, tunda yana kare mai gaskiya daga cikinsu daga ƙazafi.

Na biyu, alhaki ya koma kan mai shigo da kaya da yawa. Shi ne ke da ƙarfin ajiye wasu na'urori domin musanya da kuma yin yarjejeniya da dillalinsa na waje, ya sa kuɗin hakan a farashi. Kwamfuta za ta ɗan ƙara tsada, amma ƙarin jika goma da kowa zai biya ya fi sauƙi a kan asarar jika 300 da ke faɗa wa mutum ɗaya. Na uku, shugabannin kasuwa su ware amintattun masu gyara da za a riƙa kai wa na'ura su tantance ko aibin na masana'anta ne ko na mai amfani, kafin magana ta kai ga ƴan sanda. Jami'o'i da ƙungiyoyin ɗalibai su ma na iya yin ciniki a dunƙule da shagunan da suka yarda su ba da garanti a rubuce na aƙalla wata shida.

Har zuwa lokacin da za a kai ga haka, kariyar mai saye tana hannunsa: ya gwada kafin ya biya, ya karɓi takarda mai lambar na'ura, ya matsa mata aiki a makon farko, kuma idan ta nuna alamar ciwo ya koma shago ranar, kafin kowane mai gyara ya kwance mata ko ƙusa ɗaya.